Shafi Ɗaya, Fuska Biyar

Akwai wata 'yar aba a rubutun Hausa wadda ɗan asalin harshe bai cika damuwa da ita ba, amma mu da muka koyi Hausa a wajen gida mun san darajarta, watau 'yar ƙugiyar nan da ke kan ɓ da ɗ da ƙ. Idan Bakano ko Bakatsine ya ga an rubuta "an kara kudin daki", nan take bakinsa zai ce "an ƙara kuɗin ɗaki", ba tare da ya lura an ci masa ƙugiya uku ba, domin harshen yana cikin kunnensa tun yana goye. Ni kuwa Banufiya ce. Iyayena mutanen Bida ne, a Minna aka haife ni, kuma Nufanci ake yi a gidanmu. A Nufanci ba mu da ɓ, ba mu da ɗ, ba mu da ƙ. Hausar da na tsinta a unguwa ta wasa ce da ta cefane, kuma a cikinta ƙasa da kasa duk abu ɗaya ne a bakin yawancinmu. Littafi ne ya fara nuna mini cewa fada daban, faɗa daban; baki daban, baƙi daban; bari daban, ɓari daban. Ido ne ya koya wa kunnena, sa'an nan kunne ya koya wa baki. Saboda haka, a wurin irina, idan ƙugiya ta faɗi daga kan harafi, malami guda ne ya fita daga aji.

Abin da ya sa na kawo wannan magana shi ne wani ɗan aiki da muka yi a hutun da ya wuce, wanda ya nuna mini cewa ƙa'idojin rubutun da muke haddacewa a aji ba a kan takarda kaɗai ake gwada su ba yanzu, har da fuskar waya da ta kwamfuta.

Duk wanda ya san Minna ya san gari ne na taron jama'a. Mutanen Gbagyi ne 'yan ƙasa, hanyar jirgin ƙasa ta kawo baƙi tun farkon zamanin Turawa, sa'an nan da aka ƙirƙiro Jihar Neja a 1976 aka mai da garin babban birninta, sai ma'aikata da 'yan kasuwa suka yi ta kwararowa. In ka shiga Kasuwar Kure za ka iske Banufe da Bayarabe da Bakambare da ɗan Gbagyi suna ciniki, kuma da Hausa za a yi tayi, da ita za a sallama. Ke nan masu jin Hausa a Minna suna da yawa ƙwarai, amma da dama cikinsu irina ne, ba a nono suka sha ta ba.

A unguwarmu, can wajen Bosso, akwai ajin yaƙi da jahilci na matan aure da ake yi Asabar da Lahadi da yamma. Da na zo hutu aka roƙe ni in riƙa taimakawa, tun da an ji Hausa nake karantawa a jami'a. Mata 17 ne, kuma biyar kaɗai ne Hausawa a cikinsu. Littattafan karatu ba su kai ɗaya bisa uku na ajin ba, kuma kwana biyar ɗin da ke tsakanin darasi da darasi sun isa mace ta manta abin da ta koya. Sai wata daga cikinsu ta kawo shawara a sa darussan inda za su iya dubawa a waya, tun da ko wadda ba ta da babbar waya, ɗanta ko 'yarta na da ita. Na kai maganar wurin yayana, wanda ke karatun kwamfuta a Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Gidan Kwano. Cikin dare biyu ya haɗa mana ɗan shafi a intanet. Darasin farko kalmomi ne masu kama da juna, an jera su biyu-biyu, kowace da hotonta a sama: baki da baƙi, kara da ƙara, koko da ƙoƙo, saka da saƙa. A kwamfutarsa abin ya fito tsaf, har muka yi ta murna.

Ranar Asabar na ce kowa ta buɗe. Ban gama rufe baki ba wata dattijuwa 'yar Gbagyi, wadda duk ajin ke kira Mama, ta ɗaga wayar jikarta ta ce, "Malama, wannan ɗan akwatin kuma wane baƙi ne? Ba ki koya mana shi ba." Na ce, "Mama, kawo in gani." Ai kuwa duk inda ya kamata a ga ɗ ko ɓ, sai ɗan akwati fanko mai kusurwa huɗu, amma ƙ tana nan lafiya. A wayar ta kusa da ita haruffan sun fito duka, sai dai masu ƙugiyar sun fi 'yan uwansu tsawo da siranta, kamar baƙo a cikin 'yan gida. A ta uku rubutun ya ƙanƙance, sai an ja shi da yatsa biyu. A ta huɗu jerin nan biyu ya rushe ya koma ɗaya, hoton ƙoƙo ya sauko kan kalmar koko. Washegari da na je shagon buga takardu a Tunga don in gani a tsohuwar kwamfutarsu, sai na iske an rubuta "Æ™asa" a maimakon ƙasa, da "É—aya" a maimakon ɗaya. Shafi ɗaya, hannu ɗaya ya rubuta shi, amma fuska biyar, ban da ta shida mai kyau da ke kwamfutar yayana.

Wanda ya iya karatu zai yi tsaki ya wuce, ya cike gurbin da ka. Wadda take koyo kuwa ba ta da abin cikewa. Abin da ta gani shi ne gaskiya a wurinta. In an nuna mata hoton ƙoƙo an rubuta koko a ƙarƙashi, haka za ta riƙe, kuma cire shi daga kanta ya fi sa shi wuya.

Na koma gida na ce, "Yaya, wai ba abu ɗaya ka rubuta ba? Me ya sa kowace waya ke karanta nata?" Ya yi dariya ya ce in ɗauki misalin tela. Rubutun da ke cikin shafi, wanda ake tsarawa da abin da suke kira HTML, shi ne yadi. Umarnin ado, watau girman haruffa da launi da faɗin layi da inda hoto zai zauna, wanda suke kira CSS, shi ne awo da salon ɗinkin da ka rubuta a takarda. Ita kuwa burauza, manhajar da ake buɗe shafi da ita, ita ce tela. Ka kai yadi ɗaya da awo ɗaya wurin teloli uku, kowa zai ɗinka da kekensa da zarensa, kuma duk abin da ba ka faɗa ba, shi zai yanke maka hukunci. Ya ce matsalarmu duka daga nan take: akwai abubuwan da shafin bai faɗa ba, sai kowane tela ya yi nasa hasashe.

Wannan matsala ta girmi yawancinmu. A 1989 ne Tim Berners-Lee ya gabatar da shawarar da ta haifi yanar gizo, a cibiyar bincike ta CERN da ke Turai. A 1994 Håkon Wium Lie ya kawo shawarar CSS, kuma a 1996 hukumar W3C, mai tsara ƙa'idojin yanar gizo, ta fitar da ƙa'idarsa ta farko. To amma a ƙarshen shekarun 1990 manyan burauzoji biyu, Netscape da Internet Explorer, gasa suke yi, kowace tana ƙara abin da ɗayar ba ta da shi. Saboda haka dole mai gina shafi ya yi aiki biyu. Yanzu abin ya yi sauƙi sosai. An yi wa Internet Explorer ritaya a 2022, kuma kusan duk burauzojin da ake amfani da su a yau a kan injuna uku suke tafiya: Blink, wanda Chrome da Edge da Opera ke amfani da shi, WebKit na Safari, da Gecko na Firefox. Sai dai ko da telolin sun koyi ɗinki a makaranta ɗaya, zaren da ke shagon kowa daban ne, domin kowace waya da irin haruffan da aka zuba mata daga masana'anta, da girman fuskarta, da shekarunta.

Daga nan muka ɗauki fuskokin nan ɗaya bayan ɗaya. Ta shagon Tunga ita ce mafi muni a ido, amma ita ce mafi sauƙin gyara. Kwamfuta ba ta san harafi ba, lamba ta sani. Tsarin farko da ya yaɗu, ASCII, wanda aka fitar a Amurka a 1963, gurbi 128 kaɗai gare shi, kuma Ingilishi aka duba aka yi shi. A 1991 aka fitar da tsarin Unicode domin a ba kowane harafi na kowane harshe lambarsa, kuma yau yana ɗauke da alamomi sama da 150,000. Hanyar da aka fi ajiye waɗannan lambobi da ita ana kiran ta UTF-8, kuma a cikinta harafin ƙ gurbi biyu yake ci, ba ɗaya ba. Idan shafi bai sanar da burauza cewa da UTF-8 aka rubuta shi ba, wata za ta gane da kanta, wata kuwa za ta karanta da tsohon tsarin Yammacin Turai, ta ɗauki gurbin nan biyu a matsayin haruffa biyu. Abin da ya haifi Æ™ ke nan. Layi ɗaya yayana ya ƙara a saman shafin, wannan cuta ta warke.

Akwatin Mama shi ne ya fi koya mini abu. Samun lamba a Unicode bai isa ba, sai kuma an sami wanda ya zana siffar harafin a cikin zubin haruffan da wayar ke amfani da shi, watau abin da ake kira font. In babu zanen, sai waya ta sa akwati fanko. Masu wannan sana'a suna kiran akwatin nan tofu, wanda ba wani abu ba ne illa irin awarar nan tamu ta waken suya, saboda kamar da suka yi. Har kamfanin Google ya fitar da wani babban zubin haruffa ya sa masa suna Noto, ma'ana ba sauran awara. Amma me ya sa ƙ ta fito, ɗ da ɓ suka ƙi? Dalili shi ne ba unguwa ɗaya suke zaune ba a cikin Unicode. Ƙaramar ƙ, mai lamba U+0199, tana rukunin ƙarin haruffan Latin, tare da manyan Ƙ da Ɗ da Ɓ. Ƙananan ɗ da ɓ kuwa, masu lamba U+0257 da U+0253, suna rukunin alamomin nazarin furuci, waɗanda muke gani a darasin ilimin furuci. Mai zana haruffa yana iya ɗaukar rukuni ɗaya ya bar ɗaya, bai san ya raba 'yan ɗaki ɗaya ba. Ita kuwa wayar da haruffanta suka yi tsawo da siranta, dabara ta yi: da ta rasa ƙ a zubin da aka umarce ta, sai ta aro daga wani zubin, kamar telan da baƙin zarensa ya ƙare ya ƙarasa da shuɗi.

Maganin waɗannan biyu ɗaya ne, watau shafi ya tafi da zarensa. Muka zaɓi Andika, wani zubin haruffa na kyauta da ƙungiyar SIL ta yi musamman domin masu koyon karatu, wanda ke da haruffanmu manya da ƙanana. Yayana ya haɗa shi da shafin yadda waya za ta sauko da shi da kanta, sa'an nan ya jera wasu a bayansa, in wannan bai samu ba a ɗauki wancan. Ya kuma rage masa nauyi, domin matan nan da kuɗin cefane suke sayen data. Batun ƙanƙancewar rubutu, shi ma layi ɗaya ne, mai gaya wa waya ta auna shafin da faɗin fuskarta. Hotuna kuwa, sai ya ɗaure kowane hoto da kalmarsa cikin akwati guda, ta yadda ko jerin ya rushe, ƙoƙo da sunansa tare za su sauka. A ƙarshe ya sa alamar "ha", wadda ke sanar da burauza cewa harshen shafin Hausa ne.

Abin da ya rage shi ne gwaji, kuma nan ne aikina ya fi nasa yawa. Kwana uku ina bin gidajen maƙwabta ina aron waya, sabuwa da tsohuwa, mai tsada da mai araha, domin gani ya kori ji. Duka suka daidaita in ban da guda biyu. Su waɗannan suna amfani da irin manhajar nan mai matse shafi don rage cin data, wadda ba ta sauko da haruffan da shafi ya zo da su, sai waɗanda ke cikin wayar, su kuwa wayoyin tsofaffi ne. Masu su muka buga musu darasin a takarda, Mama na ciki. Ita ma ta ce ta fi son haka, domin takarda ba ta jiran a kawo wuta.

Da na zauna ina tunanin abin, sai na ga ashe tsohuwar gwagwarmaya ce ta sake riga. A darasin tarihin rubutun boko an koya mana cewa kafin a tsaya a kan ƙugiya, Turawan da suka rubuta Hausa sun yi ta gwada ɗigo a ƙarƙashin harafi da 'yar alama a gefensa. A shekarun 1930, zamanin Dokta R. M. East a Hukumar Talifi ta Zariya, aka koma ga haruffa masu ƙugiya, kuma jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fitowa a 1939, ta taimaka wajen sabar wa jama'a da rubutun boko. An yi taro a Bamako a 1966, an yi a Yamai a 1980, duk domin daidaita rubutu. Duk da haka, har yau 'yan uwanmu na Nijar ƴ suke rubutawa inda mu muke rubuta 'y. Da kwamfuta ta zo, sai aka koma gidan jiya, domin ba ta zo da haruffanmu ba. A shekarun 1990 Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ya ƙirƙiro zubin haruffan Hausa, irin su Rabi'at, waɗanda suka fitar da marubuta da ɗalibai kunya shekara da shekaru. Dabarar wancan zamani ita ce a ɗora harafi mai ƙugiya a kan gurbin wata alama da Hausa ba ta bukata. Shi ya sa idan ka buɗe tsohon kundin bincike a kwamfutar da ba ta da zubin da aka buga shi da shi, za ka ga "qasa" da "xalibi" da "varawo", ko kuwa "}asa" da "]aya". A lokacinsa wannan babban taimako ne, domin babu wata hanya a hannu. Yau kuwa akwai hanya.

Nan ne maganar ta shafe mu kai tsaye, 'yan uwa ɗalibai. Da yawa cikinmu har gobe da q da x da v muke buga aikin aji, a canza zubi a shagon buga takardu, a miƙa wa malami. A takarda babu laifi. Amma ranar da aka ɗora wannan kundi a intanet, wanda ya nemi "ƙasar Hausa" ba zai same shi ba, domin abin da ke ciki "qasar Hausa" ne. Shekara huɗu na wahala, ga shi a ajiye, amma kamar an binne. Haka kuma manhajojin fassara da na karanta rubutu da murya daga abin da muka rubuta suke koyo. In muka cika musu ciki da Hausa marar ƙugiya, irinta za su mayar wa 'ya'yanmu.

Na sha jin masu cewa ai ko ba ƙugiya ana fahimta, kuma ga jaridu da saƙonnin waya nan ana karantawa lafiya. Gaskiya ne, ana fahimta, amma wa ke fahimta? Wanda ya riga ya iya. Mun riga mun yafe wa rubutunmu na yau da kullum alamar karin sauti da ta tsawon wasali, mun bar wa mai karatu ya gane da kansa. Idan muka ƙara yafe ƙugiya, nauyin da muka ɗora wa mai koyo ya yi yawa. Hausa kuwa ba ta kai inda ta kai ba sai da masu koyo: a Minna da Jos da Yola, a zangon Kumasi da na Accra, da jami'o'in Turai da Amurka da Sin inda ake koyar da ita. Harshen da ke alfahari da yawan baƙinsa bai kamata ya rufe musu ƙofa ba.

Abin da nake roƙo ba mai wuya ba ne. Mai wayar Android ya shiga saitin madannai na Gboard ya ƙara Hausa, zai sami ƙ da ɗ da ɓ a hannu. Mai kwamfuta ya sani akwai madannan Hausa a cikin Windows, ɗorawa kawai ake yi. Wanda zai buga kundi ya zaɓi zubin da ke bin Unicode, irin su Andika ko Charis SIL ko Noto, ya kuma duba manyan haruffa a kanun babi, domin wani zubin yana da ɗ amma ba shi da Ɗ. A lura da alamar da ke gaban 'ya'ya da 'yan, domin manhajar buga rubutu takan juya ta baibai, ta ɗauka buɗe zance za a yi. Wanda kuma aka ba shi aikin ɗora rubutun Hausa a intanet, na ƙungiya ne ko na makaranta, kada ya tsaya ga abin da ya gani a na'urarsa. Ya ari wayar mai gadi da ta mai sayar da awara ya duba, domin su ne masu karatun.

Ina kuma kira ga shugabannin ƙungiyarmu ta ɗaliban Hausa da su shirya mana bita ta yini ɗaya a kan wannan, a gayyato 'yan sashen kwamfuta mu zauna tare. Yayana ya san lambar kowane harafi, amma sai da na nuna masa cewa hoton ƙoƙo a kan koko ɓarna ce. Ni na san ɓarnar, amma shi ke da allurar ɗinke ta. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Masu ƙera waya a Sin da masu zana haruffa a Turai ba za su san ɗ ta ɓace ba sai mun faɗa, kuma ba wanda ya fi cancanta ya faɗa kamar mu da muka zaɓi wannan harshe ya zama abin karatunmu.